Jadawalin Hamman da Saniyar Zulai

Shekara huɗu rabon Hamman da Jos, kuma tun daga tashar mota ya fara ganin abubuwan da aka sauya ba da saninsa ba. Tasin gari duk sun koma Fijo. An tone tsakiyar gari ana ginin wata makekiyar kasuwa, ruwan Agusta ya mai da wurin kwatamin taɓo. A Naraguta, filin da suke kai maruƙa suna yara an kakkafa masa turakun siminti, wai nan jami'a za ta taso. Kududdufin masu haƙar kuza ya cinye rabin hanyar rafi. Maƙwabcinsu ya sayi talabijin, ya kuma daina amsa sallama da yamma. An sare gwaibar ƙofar gida, ba wanda ya iya gaya masa dalili. Kawunsa Sajo, dillalin shanu a kara ta Bukuru, ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya, ya sayi babur Basfa, yanzu kowa ya gani sai ya ce masa "oga", har liman.

Abu biyu ne kawai ya tarar inda ya bar su.

Na farko, mahaifinsa, Baffa Hammajoda, har yanzu ba ya yi masa magana. Ba faɗa suka yi ba. Hamman ɗan fari ne, kuma a gidan Fulani irin nasu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya fuskantarsa da zance. In Baffa yana da magana, sai ya gaya wa Inna Aisatu, ko bango, ko saniyar da ta fi kusa. Ita ma Inna ba ta kiran sunansa. Tun da ya sauka "baƙon Legas" take ce masa.

Na biyu, Zulaihatu tana nan gidan ubanta a Gada Biyu. An ɗaura musu aure a satin da ya gama digirinsa na lissafi a Zariya, aka ce tarewa sai ya dawo daga bautar ƙasa. Sadakinta karsana ce fara mai jan kunne, aka nuna ta gaban shaidu, aka bar ta a garken Baffa kamar yadda aka saba. Daga bautar ƙasa Hamman ya zarce Legas, ya kama aiki a wani kamfanin inshora. Shekarar farko ya rubuto cewa ɗaki ɗaya ne, kuma su biyu ne a ciki. Ta biyu ya ce jarrabawa. Ta uku ya ce bari ya ɗan tsaya da ƙafarsa. Ita kuwa Zulai ta nemi aiki a wurin gwajin madara a Vom, kullum ta bi motar safe ta dawo a ta yamma, matar aure a bakin mutane, budurwa a ɗakin uwarta.

Yanzu ga shi ya dawo. Amma ba tarewa ce ta kawo shi ba. Ya zo ne ya zaɓi ƙasar da zai tafi ƙaro karatu.

Ranar Litinin bayan an karya, ya shimfiɗa wasiƙu uku a kan tabarma a rumfar tsakar gida. Inna tana gefe tana kaɗa nono, Kawu Sajo ya jingine Basfarsa ya zauna, Baffa kuwa ya ba su baya yana tufkar igiya.

"Wannan daga Ingila," in ji Hamman. "Landan. Shekara ɗaya tak, da Turanci, kuma makarantar tana tsakiyar manyan bankuna. Sai dai ba sikolashif, ni zan ɗauki nauyin kaina. Wannan daga Jamus ta Yamma. Sun ba ni sikolashif, amma sai na ɓata shekara guda ina koyon yarensu kamar ɗan firamare, sannan biyu na karatu. Wannan kuma Faransa. Sun iya lissafi, ba ƙarya, amma wai in zo in sake jarrabawa, in na ci su duba."

"Karatun me kuma?" in ji Inna. "Ashe ba ka gama ba?"

"Lissafin kasada, Inna. Da shi bankuna da kamfanonin inshora suke auna abin da zai iya samun dukiya tun bai same ta ba. Kamar a ce kina da shanu ɗari, in zauna da biro in gaya miki kusan nawa ciwo zai ɗauka kafin kaka."

Inna ta tsayar da ƙwaryar. "A'uzu billahi. Duba za ka je koyowa?"

"Ba duba ba ne, Inna. Kimiyya ce."

"Baffanka hancin saniya yake kallo ya san wadda ba za ta kai kaka ba, kuma ko Kaduna bai taɓa kwana ba."

"Adda, bar yaro ya yi magana," Kawu Sajo ya ce wa yayarsa, ya gyara zama. "Oga, kada ka saurari kowa. Ingila. Wa ka taɓa ji an ce ya dawo daga Jamus? Mota ce take zuwa daga Jamus, mutum daga Ingila yake dawowa. Batun nauyi kuwa, ba kana da shanu ba? Na leƙa garke jiya. Saniyar da aka ba ka ran suna, zuri'arta ta kai tara. Ga Jan Kunne da 'ya'yanta uku, sha uku ke nan. Ranar Alhamis in kai su kara, kafin azahar ka zama ɗan Landan."

"Taran kaɗai ba za su isa ba?"

"Tara sai dai su kai ka filin jirgin Kano, ka ɗaga wa jirgi hannu ka dawo."

Hamman ya san la'adar da Kawu yake hange. Amma maganar ta faɗi daidai inda ransa yake so, don haka ya bar ta a nan.

Baffa bai juyo ba. Ya ja bakin igiyar da haƙori, ya ce, "Ki tambayi baƙonki, ɗakin da za su ba shi a can na mutum nawa ne."

"Baffa, ga ni nan fa. Taku biyu ne tsakaninmu."

"Kai, natsu," in ji Inna. "Ni za ka ba amsa."

Hamman ya ja dogon numfashi, ya dubi Inna. "Na mutum ɗaya ne. Ɗakin ɗalibai."

"Wai na mutum ɗaya ne," Inna ta gaya wa bayan Baffa.

"To," in ji Baffa, ya ci gaba da tufka.

Wannan "to" ɗin ta tsaya wa Hamman a rai. A Legas in mutum yana da magana faɗinta yake yi, ko ka ji daɗi ko ka mutu. A nan kuwa sai a ba ka "to" guda ɗaya, ka yini kana jujjuya ta. Ya tattara wasiƙunsa ya fita.

Ya shiga gari wajen Dantong, abokinsa tun sakandare, wanda yake aiki a wani banki kusa da kasuwa. Ruwa ya tsare su a wani ɗan gidan abinci. Hamman ya lalubi aljihu bai sami farar takarda ba, sai ya zaro shafi na biyu na wasiƙar Jamus. Shafin farko da Turanci aka rubuta, shi ya karanta. Na biyun Jamusanci ne zalla, kalmomi dogaye kamar taragun jirgin ƙasa, ko wahalar da idonsa bai yi ba. Ya juya bayansa ya zana jadawali: ƙasashe uku a sama, a gefe kuma layi-layi, yawan shekaru, yare, sunan makaranta, aiki bayan karatu, sanyi, abinci. Kowane layi ya ba shi maki cikin goma.

"Ka gani? Ingila arba'in da huɗu. Jamus talatin da biyar. Faransa talatin. Lissafi ba ya son kai."

Dantong ya jawo takardar da yatsa mai maiƙo. "Ka cuci Faransa. Abinci maki uku? Ka taɓa ci?"

"Katantanwa suke ci."

"A Legas ba ka ci ba? Ni da ni ne, Paris kai tsaye, in dawo da kwat da turare." Ya sa loma, ya yi tambaya da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Madam fa, ya ce me?"

"Zulai ba ta da matsala. Mai haƙuri ce."

"Ka tambaye shi?"

"Yau zan gaya mata."

"Na ce ka tambaye shi, ka ce za ka gaya masa. Kai da ka yi digiri."

"Dantong, ci abincinka."

Da la'asar yana zauren gidan su Zulai a Gada Biyu. Ta fito da mayafi a kan farar rigarta ta aiki, ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ya ga ta ɗan rame, ko kuwa girma ne ya zo mata yana can. Ya yi maza ya zaro takardarsa. Ya miƙa mata jadawalin, ya bi shi layi-layi kamar yana gaban ogansa.

"Shekara ɗaya ce kawai," ya ƙarasa. "In na gama in kama aiki a banki a can. Shekara biyu ko uku in tsaya da ƙafata, sai in aiko miki da tikiti."

"Ƙafar nan ta Legas har yanzu ba ta tsayu ba?"

"Zulai, ki gane mana. Dama ce. Mutum nawa ne a ƙasar nan suka san wannan fannin? In na dawo da takardar Landan, banki ne zai neme ni, ba ni zan nemi banki ba."

"Na gane. Da me za ka biya su?"

"Kawu zai kai shanu kara ranar Alhamis."

"Waɗanne?"

"Duka. Sha uku."

Ta ɗago ta dube shi. "Har Jan Kunne."

"Zan saya miki goma irinta. Saniya ce fa."

Shi bai sani ba, amma duk wata Inna tana aiko wa Zulai da man Jan Kunne a ɗan kwanon sha. Shekara huɗu, shi ne kaɗai abin da yake zuwa mata daga gidan mijinta a kan lokaci. Duk maraƙin da aka haifa sai an aiko an gaya mata launinsa. Ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta sunkuyar da kai ta karanta jadawalin daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama. Hawaye ya ɗiga a kan layin abinci, tawadar ta bazu.

"Ka bar mini wannan in duba," ta ce.

"Riƙe, na haddace shi. To, kukan na mene ne kuma?"

"Ba komai. A gaida Inna."

Ya fita yana mita har bakin gada. Ka kawo wa mutum bayani a tsare, da maki da komai, amsar da za a ba ka ita ce kuka.

Washegari ya tarar da Inna a rumfa idonta ya yi ja, ƙwaryar nono a kife.

"Surukinka ya aiko," ta ce. "Ya ce shekara huɗu yana toshe bakin mutane a kan 'yarsa. Ya ce ranar da Jan Kunne ta taka kara, a haɗo masa da takardar sakin Zulai, kada a sa shi zuwa karɓa."

"A kan saniya?" in ji Hamman. "Ana maganar Landan, ana maganar rayuwa gaba ɗaya, mu muna nan a kan kunnen saniya."

"Barazana ce, oga," in ji Kawu Sajo, wanda a kwanakin nan kullum hanyarsa takan biyo ta gidan. "Abin mace ai na mijinta ne."

"A wane littafin ka karanta?" in ji Inna. "Ni da tawa saniyar na shigo gidan nan, har yau ba a taɓa taɓa jikarta ba sai da bakina."

"Adda, zamani ya canza."

"La'ada ce dai ba ta canza ba."

Hamman ya juya wajen Baffa, wanda igiyarsa yanzu ta kai gaba uku. Ya ɗaga murya da gangan. "In akwai wanda bai yarda ba a gidan nan, ya faɗa a ji."

Baffa ya dubi sama, ya gaya wa ginshiƙin rumfa, "Ruwan nan zai sauko kafin la'asar."

"Shi ke nan. Tunda ba wanda ya ce a'a, Kawu, ka kawo mota ranar Alhamis."

Inna ta fashe da kuka. Hamman ya sa takalminsa ya tafi ɗaukar hoton fasfo. Bai je Gada Biyu ba ranar, bai je ba washegari. Ya gaya wa kansa cewa in komai ya kankama kowa zai sauko. Ya sayi suwaita biyu a gwanjo, ya gwada su a gaban madubin mai shago, ya ga kansa ɗan Landan.

Ranar Alhamis da hantsi ana yayyafi Kawu Sajo ya iso da babbar mota. Suka gangara makiyaya a bayan kududdufi, Inna tana biye da su ba wanda ya kira ta. Abin da suka tarar ya tsayar da su. An ware shanu tara gefe guda suna kiwo a sake. Jan Kunne da 'ya'yanta uku kuwa suna ɗaure a turke da sabuwar igiya, wadda Baffa ya yi kwana huɗu yana tufkawa. Shi kuma yana tsaye kusa da su, sanda a kafaɗa.

"Malam, a kwance waɗannan," in ji Kawu. "Direba yana sauri."

Baffa ya shafa wuyan Jan Kunne, da ita ya yi magana. "Waɗancan tara na wanda aka ba ne ran suna, ya yi yadda ya ga dama da su. Ke da 'ya'yanki kuwa ajiya ce a hannuna. Gaban mutum shida aka nuna ki. Ban ji mai ke ta ce a kwance ba."

"Baffa, don girman Allah, sau ɗaya dai ka gaya mini ni —"

"In akwai mai wuƙa," Baffa ya ci gaba da gaya wa saniyar, "ya yanke da hannunsa. Ni dai ba zan kwance ba."

Kawu Sajo ya zaro wuƙa daga ƙugu ya danƙa wa Hamman. "Igiya ce kawai, oga. Yanke mu tafi, kasuwa ba ta jiran kowa."

Hamman ya karɓa. Ya yi taku ɗaya, ya tsaya. Jan Kunne ta dube shi tana tuƙa. Yana nan tsaye da wuƙa a hannu sai ga motar madara ta Vom, wadda take zagaya rugage da safe, ta tsaya a bakin hanya. Mace ta sauko da mayafi a kan farar riga. Inna ta kama baki. Amaryar da ba ta tare ba ba ta taka gidan surukai, balle ta biyo su makiyaya.

Zulai ta durƙusa daga nesa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta gaida Baffa, ta gaida Inna, ta gaida Kawu.

"Baffa, ku gafarce ni, na yi rashin kunya," ta ce. "Na zo ne in ce a kwance su. Na ba shi."

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Ka ji 'yar albarka. Direba, sauke katako."

Ba ta dube shi ba. Ta miƙe ta matso kusa da Hamman, ta zaro takarda a ninke daga cikin mayafi. Muryarta ƙasa-ƙasa take, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Ga jadawalinka, Malam. Akwai wata dattijuwa Bajamushiya a wurin aikinmu, Madam Gertrude. Ta gan ni ina ta kallon takardar nan maimakon in gwada madara, ta karɓa, ta juya ɗaya gefen. Ta ce, wa ya yi zane a bayan wasiƙa irin wannan? Ta karanta mini."

"Wannan ai ƙa'idojin makaranta ne kawai."

"Ka karanta?"

Ya kai ido kan takardar da ke hannunta.

"Sun ce tunda ka rubuta a fom kana da aure, sun tanadi gida mai ɗaki biyu. Sun ce za su biya wa matarka jirgi. Sun ce ajin koyon yare, in tana so, ku shiga tare. Ga shi Madam ta rubuta da Turanci a ƙasa, in ba ka yarda da ni ba. Kai ka gaya musu kana da mata. Su suka riƙe, kai ka manta."

Ya karɓi takardar da hannun da ba wuƙa. Rubutun dattijuwar ƙanana ne, a tsare, ba inda za a yi gardama.

"Ka tambayi Kawu," Zulai ta ci gaba. "Ka tambayi Dantong. Ka ba sanyi layi, ka ba abinci layi. Na duba sau goma ban ga nawa ba. Sai da aka juya takardar na ga ashe mutanen da ba su taɓa ganina ba sun ba ni rabin shafi." Ta share ido da bakin mayafi. "Ba hana ka Landan na zo yi ba. Shanun nawa ne, na kuma ba ka. Da ka tambaya ran Litinin, da ran Litinin na ba ka. Amma in ka tafi, kada ka ce in jira. Ka bar wa Baba takardar da ya nema. Ba fushi nake yi ba, Malam. Gajiya na yi."

Yayyafin ya ƙaru. Hamman ya dubi jadawalinsa, ya juya, ya sake juyawa. Shekara uku ana biyansa albashi a Legas don ya hango asara tun ba ta zo ba, ga shi asarar da ta fi kowace girma ta zo har gabansa ta gaishe shi, bai gane ta ba. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har tafin ƙafa. Ya miƙa wa Kawu wuƙarsa.

"A mai da mota, Kawu."

"Oga, Landan fa. Shekara uku za ka yi cikin mutanen da suke magana kamar ƙashi ya maƙale musu?"

"A mai da mota."

"Man da aka ƙona daga Bukuru fa, wa zai —"

"Sayar da haƙorin," in ji Inna.

Sai Hamman ya yi abin da bai taɓa tsammanin zai yi a gaban mahaifinsa ba. Ya tsuguna a cikin taɓo da wandonsa na Legas.

"Zulai, tambaya nake yi. Jamus. Shekara uku, yare mai wuya, ba tuwo, ba kowa namu. In kin ce a'a, sai mu zauna mu sake duba wata hanyar tare. Za ki?"

Ta dube shi. "Sanyinsu maki nawa ka ba shi?"

"Uku."

"Haifaffen Jos yana tsoron sanyi." Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, amma ya ga gefen bakinta. "Zan je."

Baffa ya sunkuya ya kwance igiyar da kansa, ba don mota ba, don shanun su shiga cikin 'yan uwansu. Ya naɗe ta a gwiwar hannu, ya miƙa wa Inna.

"Ki daina ce masa baƙo," ya ce. "Yau ya iso."

Kwana goma bayan nan aka yi tarewa. Surukin Hamman bai yi dogon jawabi ba, ya dai ce Allah ya sa wannan karon ƙafar ta tsayu. Dantong ya zo da kwat, ya ci abinci kwano uku, ya ce har yanzu an cuci Faransa.

Mai karatu, in kai saurayi ne mai takarda a hannu da tafiya a rai, ka ɗauki wannan daga labarin Hamman. Haƙurin da mace take yi da kai ba izini ba ne, kyauta ce, kuma tana ƙarewa. Shirun babba ba ya nufin ya yarda. Zulaihatu ta jira shekara huɗu ba ta ɗaga murya ba, ba ta zubar da mutuncin kowa ba, ranar da ta buɗe baki kuma gaskiya ta faɗa, Allah bai bar haƙurinta ya tafi a banza ba. Ka nemi ilmi ko'ina yake, amma kafin ka auna ƙasashen duniya, ka fara tambayar wadda za ta ɗauki rabin nauyin tafiyar.

Ƙarshen Satumba ya same su a rumfar tsakar gida da akwatuna biyu a buɗe. Hamman ya faɗa, ya sake faɗa, kilo ashirin-ashirin jirgi ya yarda. Duk juyawar da zai yi sai ya tarar Inna ta cusa wani abu: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, gwangwanin man Jan Kunne a naɗe cikin sabuwar suwaitarsa.

"Inna, wannan zai narke a kan takarduna."

"Ka ce ƙasar sanyi ce."

Kawu Sajo ya huce, ya kawo jerin kayan gyaran mota da yake so a aiko masa, tunda dai Jamus ɗin aka nace. Zulai tana zaune a bakin ƙofa da ɗan littafin da Madam Gertrude ta ba ta, tana maimaita gaisuwar Jamusanci, kuma abin haushin, ta riga shi iyawa.

Akwatin Hamman ya ƙi rufuwa. Ya zauna a kai, ya danna da gwiwa, makullin ya ɓalle ya faɗa cikin ƙwaryar Inna. Yana shirin buɗe baki sai ya ga inuwa a kansa. Baffa ne, da igiyar nan a hannu. Ya tsuguna ya zagaya akwatin da ita sau uku, ya ƙulla irin ƙullin da maraƙi ba ya kwancewa, ya buga murfin da tafin hannu.

"Kai akwati," ya ce, "ka gaya wa ubangidanka, su biyu na sallama. Su biyu nake jira."

Hamman ya dubi mahaifinsa, taku ɗaya tsakaninsu. Sannan ya sunkuyar da kai wajen akwatin.

"Ka ce masa na ji," ya ce, ya ɗaga shi ya gwada nauyinsa.